Raunin tsokar numfashi: abin da ake koya wa masu bincike, da abin da ya shafi Madawa, Buza da Keita

Akwai cututtukan da ba sa taɓa huhu, amma ta hanyar numfashi suke kashe mutum. Su ne cututtukan jijiyoyin saƙo da tsoka, irin su shan inna, da cutar Guillain-Barré, da shanyewar da ke biyo bayan mashaƙo, da raunin tsoka na gado. Huhun mai ciwon yakan kasance lafiya lau, sai dai tsokokin da ke buɗe ƙirji su rufe shi sun gaza. Irin wannan gazawa tana zuwa shiru, ba tari ba ihu, har sai lokaci ya ƙure. Shi ya sa a ƙasashe da dama ake ware horo na musamman ga likitoci da masu bincike, domin su iya auna ƙarfin numfashi tun kafin ya yanke. Batun ya shafi gundumomin Madawa, Buza da Keita na jihar Tawa kai tsaye, domin tsakanin ƙauye da gadon asibitin da ke da na'urar taimaka wa numfashi akwai tafiyar sa'o'i.

Yadda numfashi ke gazawa

Huhu ba ya motsa kansa. Babban mai aikin shi ne faffaɗar tsokar da ta raba ƙirji da ciki. Idan ta ja ƙasa sai iska ta shiga, idan ta saki sai iska ta fita. Tsokokin tsakanin haƙarƙari suna taimaka mata, na ciki kuma su ne ke ba tari ƙarfi. Akwai kuma tsokokin maƙogwaro da harshe, masu hana abinci da yawu faɗawa hanyar iska. Dukansu suna jiran umarni ne daga ƙwaƙwalwa, ya bi ta laka, ya bi ta jijiya, ya isa mahaɗar jijiya da tsoka. Duk inda igiyar ta tsinke, sakamakon ɗaya ne.

Gazawar iri uku ce. Ta farko, mutum ba ya jawo isasshiyar iska, sai gurɓatacciyar iskar kabon ta taru a jini. Ta biyu, tari ya yi rauni, majina ta zauna a huhu, ciwon haƙarƙari ya biyo baya. Ta uku, haɗiya ta lalace, kunu ko ruwa ya riƙa sarƙe mutum. A cututtukan da ke tafiya a hankali, matsalar takan fara ne cikin barci, shi ya sa alamunta na farko su ne ciwon kai da safe, da gyangyaɗi da rana, da kasa kwanciya rigingine.

Wani abin da ke yaudarar ma'aikatan lafiya shi ne ƴar na'urar nan da ake maƙala wa yatsa don auna oksijin. A ciwon huhu tana nuna haɗari da wuri. A raunin tsoka kuwa lambarta takan tsaya daidai har sai gazawar ta yi nisa. Ba da oksijin kaɗai ga wanda tsokarsa ta daɗe da rauni yana iya ƙara tara masa iskar kabon, ya yi barcin da ba ya tashi. Abin da yake bukata shi ne a tura masa iska a fitar.

Cututtukan da suka shafi yankin

Shan inna ita ce aka fi sani. An samu mutum na ƙarshe da ƙwayar shan inna ta asali ta shanye a Nijar a shekarar 2012, a jihar Tawa, kuma a ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da wannan nau'in. Sai dai ana ci gaba da rigakafi saboda nau'in da ke yaɗuwa inda yara ba su sami allura yadda ya kamata ba. Waɗanda cutar ta taɓa tun suna yara kuma, musamman masu karkataccen gadon baya, numfashinsu yana iya raunana bayan shekaru masu yawa.

Cutar Guillain-Barré ta samo sunanta daga likitocin Faransa da suka bayyana ta a 1916. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa jijiyoyi, galibi kwanaki ko makonni bayan zawo ko mura. Rauni yakan fara daga ƙafafu ya hau sama, ya kai maƙura cikin mako biyu zuwa huɗu. A duniya tana kama mutum 1 zuwa 2 cikin 100,000 a shekara, kuma kimanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na masu ita suna bukatar na'urar numfashi. Abin lura shi ne mafi yawansu suna sake tafiya da ƙafarsu idan aka riƙe musu numfashi har jijiyoyin suka farfaɗo.

Mashaƙo ya sake ɓulla da ƙarfi a Kano daga ƙarshen 2022, sannan a Nijar cikin 2023, musamman a jihar Damagaram. Dafin ƙwayar cutar yana taɓa zuciya da jijiyoyi. Makonni bayan maƙogwaro ya warke, yaro yana iya fara magana ta hanci, ruwa ya riƙa fito masa ta hanci idan ya sha, daga baya rauni ya kai ga tsokar numfashi. Allurar rigakafin da ake yi wa jarirai a mako 6, 10 da 14 tana kare su daga mashaƙo da kuma tetanos, cutar sarƙe-haƙora, wadda ita ma ta numfashi take kashewa, ko da yake ita sandarar da tsoka take yi.

Maganin ƙwari ma yana cikin lissafi. Fadamun Madawa, Galmi da kwarurrukan Adar wuraren noman albasa ne da sauran kayan lambu, inda ake yawan feshi. Irin magungunan da ake kira organofosfat, cikinsu har da piya-piya da ake zubawa a ɗaki, suna toshe aikin mahaɗar jijiya da tsoka. Wanda ya sha ko ya shaƙa da yawa yakan yi dalalar yawu, ƙwayar idonsa ta tsuke. Bayan an yi masa magani ya farfaɗo, wani rauni na biyu yana iya zuwa tsakanin kwana 1 zuwa 4, ya kama wuya da tsokar numfashi. Mai ciwon da aka sallama da wuri yana iya cikawa a gida. Haka nan dafin wasu macizai irin gamsheƙa yana shanye tsoka, fatar ido ta fara faɗuwa, saɓanin na kububuwa da ke hana jini daskarewa.

Sai cututtukan gado. Raunin tsoka na Duchenne yana kama yara maza, kimanin 1 cikin 3,500 zuwa 5,000. Yaro yakan fara yawan faɗuwa, ya riƙa dafa gwiwa da cinya kafin ya miƙe, ya daina tafiya wajen shekara 10 zuwa 12, numfashi ya raunana a shekarun samartaka. Akwai kuma wasu nau'o'in da sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar halittar kafin ɗa ya kamu, kuma irin waɗannan sun fi bayyana inda auren zumunci ya yawaita. Cutar miyasteniya, wadda ke sa tsoka ta gaji da yamma ta warware da safe, ba ta gado ba ce, kuma tana da magani. Tamowa da zawo mai tsanani suna ƙara wa kowane ɗayan waɗannan nauyi, domin tsokar numfashi ma tsoka ce, tana ramewa.

Darasin Kopenhagen

Tarihin wannan fanni ya juya ne a shekarar 1952, lokacin da annobar shan inna ta mamaye birnin Kopenhagen na ƙasar Denmak. Asibitin Blegdam yana da babbar na'urar ƙarfe ta numfashi guda ɗaya tak da wasu ƙanana shida. Cikin mutum 31 na farko da numfashinsu ya shanye, 27 suka rasu. Likitoci suna ganin yawan wani sinadari a jininsu, suna fassara shi ba daidai ba. Wani likitan sa barci mai suna Bjørn Ibsen ya ce iskar kabon ce ke taruwa saboda ba sa fitar da iska. A ranar 27 ga Agusta ya gwada ra'ayinsa a kan wata yarinya ƴar shekara 12: aka huda maƙogwaronta aka sa bututu, ya riƙa matsa jakar roba da hannu yana tura mata iska. Ta rayu.

Daga nan aka tara ɗaliban likita da na haƙori kimanin 1,500, suna karɓa-karɓa dare da rana suna matsa jaka a gefen gadaje na tsawon makonni. Mace-macen da suka kusa kai kashi 90 cikin 100 suka sauko ƙasa da rabin haka. A shekarar da ta biyo baya Ibsen ya buɗe ɗakin kula da masu tsananin ciwo, wanda ake ɗauka shi ne na farko irinsa. Abin da ya ceci rayuka a lokacin abu biyu ne: awo da aka fassara daidai, da hannayen mutanen da aka horar cikin gaggawa. Na'urori masu tsada daga baya suka zo.

Abin da ake koya wa mai bincike

Horon yana farawa ne daga gefen gado. Awo na farko shi ne yawan iskar da mutum zai iya fitarwa bayan ya cika ƙirjinsa, ana auna shi da na'urar hurawa da ake kira sipiromita, wadda akwai ta hannu mai aiki da batir. A babban mutum mai cutar Guillain-Barré, idan awon ya sauko ƙasa da mililita 20 a kowane kilo na nauyin jikinsa, alama ce ta ya kusa bukatar na'ura. Ana auna shi a zaune, a sake aunawa a kwance. Mai lafiya ba ya rasa fiye da kashi 10 cikin 100 idan ya kwanta, amma faɗuwar da ta kai kashi 25 ko ta wuce tana nuna babbar tsokar numfashi ta yi rauni. Ana kuma auna ƙarfin zuƙa da ƙarfin hurawa, da ƙarfin tari. A manya, tarin da bai kai lita 270 a minti ba yana nuna haɗari idan mura ta zo, wanda bai kai 160 ba kuwa ba ya fitar da majina.

Akwai awon da ba ya bukatar komai: mai ciwo ya ja dogon numfashi, ya yi ta ƙirge da murya, lamba biyu a kowace daƙiƙa, har iska ta ƙare. Wanda ya kasa kaiwa 20 ana sa masa ido sosai. Ana haɗa shi da duba ko mutum zai iya ɗaga kansa daga matashi, domin raunin wuya yakan tafi tare da raunin numfashi, da kuma duba ko ciki yana lotsawa maimakon ya taso lokacin zuƙar iska. Darajar waɗannan awo tana cikin maimaita su sau da yawa a yini da rubuta su, domin saurin saukar lamba ya fi lambar kanta muhimmanci.

Kashi na biyu na horon shi ne dabarun bincike: yadda ake fayyace wane ne za a ƙirga a matsayin mai cutar, yadda ake tsara takardar tattara bayanai da kowace cibiya za ta cika iri ɗaya, yadda ake bin mai ciwo bayan sallama, da lissafin da zai hana a ɗauki dace a matsayin hujja. Kashi na uku shi ne amana. A Nijar, binciken da ya shafi lafiyar mutane sai ya bi ta kwamitin ɗa'a na ƙasa. Dole a yi wa mai ciwo ko iyayensa bayani da harshen da suke ji, su yarda ba tilas. A cututtukan gado abin ya fi nauyi, domin sakamakon da aka faɗa da ganganci yana iya sa a ɗora wa uwa laifi ko aure ya mutu. Ana koya wa mai bincike yadda zai faɗi gaskiya ba tare da ya raba gida ba.

Inda ake samun horo

A cikin ƙasa, tushen shi ne sassan koyon aikin likita na jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da na jami'o'in Maraɗi da Damagaram, inda kowane ɗalibi sai ya rubuta kundin bincike kafin ya zama dakta. Cibiyar CERMES ta Yamai, wadda ke cikin jerin cibiyoyin Pasteur, ta daɗe tana bincike kan sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. A Maraɗi akwai cibiyar Epicentre ta ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa MSF. Ita ce ta gudanar da gwajin wani rigakafin zawon yara mai jure zafi a gundumar Madarunfa, kan jarirai fiye da 3,000, aka wallafa sakamakon a 2017. Wannan aikin ya nuna ana iya yin bincike mai inganci a cibiyoyin karkara na ƙasar Hausa da ma'aikatan gida. MSF ta kuma yi shekaru tana aiki a Madawa da Buza kan tamowa da zazzaɓin yara, abin da ya bar ma'aikatan da suka saba da rubuta bayanan marasa lafiya.

A matakin nahiya, ƙungiyar likitocin ƙirji ta Afirka tana gudanar da shirin PATS MECOR tun 2007, inda ake koya wa matasan likitoci da ma'aikatan lafiya dabarun binciken cututtukan numfashi mataki-mataki, kowa da tambayar da ya zo da ita daga asibitinsa. Ƙungiyar likitocin jijiya ta duniya tana da cibiyoyin horo a Afirka, cikinsu har da Rabat da Dakar, masu koyarwa da Faransanci. A 2019 aka kafa wata cibiyar haɗin gwiwa a Landan kan binciken ƙwayoyin halitta a cututtukan jijiya da tsoka, wadda ta horar da likitoci daga Afirka ta Kudu, Zambiya, Indiya, Turkiyya da Barazil. A Bamako, Farfesa Guida Landouré da abokan aikinsa sun yi shekaru suna binciken cututtukan jijiya na gado a iyalan Mali. A Kano kuma, Farfesa Abdulrazaq Habib na jami'ar Bayero ya yi suna a binciken saran maciji. Dukansu maƙwabta ne da ɗalibin Tawa zai iya koyi da su.

Tambayoyin da gundumomin uku za su iya amsawa

Akwai wata hanya da take a shimfiɗe tun tuni. Saboda yaƙi da shan inna, duk yaron da bai kai shekara 15 ba da wata gaɓarsa ta saki kwatsam, dole a sanar da hukumar lafiya ta gunduma, a ɗauki kashinsa sau biyu, tsakaninsu aƙalla awa 24, cikin kwana 14 da fara ciwon. Wannan tsari ya kai har ƙauyuka, ta hannun wakilan lafiya na gari da majo-majo na cibiyoyin CSI. An gina shi ne don neman ƙwayar cuta. Yawancin yaran da ake samu ba shan inna ke damunsu ba, kuma da yawa daga cikinsu Guillain-Barré ce. Idan aka ƙara wa takardar layi kaɗan kan haɗiya, murya, ƙarfin wuya da ƙirgen numfashi, za a san yara nawa ne ke shiga haɗari da kuma nawa ne ke isa babban asibitin Tawa, ko na Maraɗi, ko na Galmi da rai.

Tambaya ta biyu ta harshe ce. An tsara awon ƙirgen numfashi ne a tsakanin masu magana da wasu harsuna. Lambobin Hausa daga goma zuwa sama dogaye ne: «goma sha bakwai» ta fi takwararta ta Faransanci cin iska. A Keita da Buza kuma akwai masu ƙirge da Buzanci da Fillanci. Tantance lambar da ta dace da kowane harshe, ta hanyar gwada ƙirgen da sipiromita, aiki ne da ɗalibi ɗaya zai iya yi a asibitin gunduma, kuma amfaninsa zai kai duk inda ake jin Hausa.

Ta uku ita ce ma'aunin mai lafiya. Lambobin da ake kwatanta awon huhu da su an tattara mafi yawansu ne a wajen Afirka ta Yamma. Tsayi, da abincin ƙuruciya, da hayaƙin itacen girki, da ƙurar hunturu duk suna taɓa huhu. Kafin a ce awon wani ya yi ƙasa, sai an san na lafiyayyen ɗan Adar. Ta huɗu ita ce hanya: wa zai raka mai ciwo a motar asibiti, ya iya matsa jakar iska daidai, na tsawon awa nawa, kuma a wane mataki ya kamata a tashi da shi. Ta biyar ta shafi masu ciwo mai daɗewa. A ƙasashe masu hali, na'urar da ke tura iska ta abin rufe hanci da dare ta ƙara wa masu cutar Duchenne shekaru da yawa. Inda wutar lantarki ba ta tabbata ba, abin dubawa shi ne hanyoyi masu sauƙi, kamar koya wa iyali taimaka wa tari da hannu da cika huhu da jakar iska, da kuma yadda hasken rana zai iya riƙe na'ura har gari ya waye.

Alamomin da ba a jira da su

Ga iyali, abin da binciken duniya ya riga ya tabbatar ya isa a yi aiki da shi. Idan rauni ya fara daga ƙafafu yana hawa cikin kwanaki, ko murya ta koma ta hanci, ko abinci da ruwa suna sarƙe mutum, ko fatar ido tana faɗuwa, ko ya kasa ɗaga kai, ko ya ƙi kwanciya rigingine, ko magana tana yanke masa a tsakiyar jimla, ranar nan ake kai shi cibiyar lafiya, ko da bai ce numfashi na damunsa ba. Ba a ɗura masa kunu ko jiƙo, kuma a hanya ana jingine shi ne ko a kwantar da shi ta gefe. Wanda ya sha maganin ƙwari ana tafiya da kwalbar, kuma ba a gaggauta komawa gida don ya farfaɗo. Yaron da ya warke daga mashaƙo ana ci gaba da sa masa ido har wata biyu. Kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ce a cibiyoyin gwamnati bisa tsarin da aka kafa tun 2006, kuma sanar da shanyewar yaro ba ya cin ko dala.